Yadda Ake Sassauta wa Jiki Idan Hunturu Ya Kama

Ranar da ka taɓa ruwan buta da asuba ka janye hannu ba shiri, ka leƙa waje ka ga fitilar maƙwabci ta yi dishi-dishi cikin hazo, to baƙon ya sauka. Yakan fara leƙowa cikin Nuwamba, ya zauna daram a Disamba da Janairu, sai wajen ƙarshen Fabrairu ya fara naɗe tabarma. Iskar daga arewa maso gabas take busowa, ta ratso Sahara, kuma kaso mai yawa na farar ƙurar da ke kwanciya a kan gira da gilashin mota daga kwarin Bodele na arewacin Chadi take tasowa, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar ƙasa mai laushi kamar garin alli.

Idan ka gaida dattijo ka ce masa "Baba, yaya sanyi?" amsarsa ɗaya ce: "Lokacinsa ne." Mutanen karkara sun san abin da wannan amsa take nufi a aikace. An gama kaka, dawa da gero sun shiga rumbu, wanda ya yi wata biyar a sunkuye ya samu ya miƙe baya. Ana kwanciya da wuri, ana jin ɗumi da safe, ba a fita aiki sai hantsi ya dubi ludayi. Mu da ke birni ne muke son mu tafiyar da Janairu kamar yadda muka tafiyar da Yuli, mu fita ƙarfe shida cikin buji, mu kai sha biyun dare muna latsa waya, sannan mu yi ta mamakin murar da ta ƙi sakinmu mako uku. Abin da zan zayyana ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Mafi yawansa ragi ne, kuma ragin ne ke da wuya.

Mataki na farko: karɓi tsawon daren da aka ba ka

Da barci ake farawa, domin idan shi bai gyaru ba sauran duk kwaskwarima ce. A Kano, cikin Disamba, rana takan faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe shida, ba ta sake fitowa sai wajen bakwai saura kwata. Dare ya haura awa goma sha biyu ke nan, ga sanyin da ke sa barci ya yi nauyi, babu gumi, babu neman mafici, sauro ma ya ragu. Wanda ya san wahalar daren Afrilu ba ya wasa da wannan garaɓasa.

Baligi yana buƙatar barcin awa bakwai zuwa tara. Yi lissafin daga baya: idan ƙarfe biyar kake tashi don sallar asuba, to ƙarfe goma ya same ka a kwance, ido a rufe. An yi isha tun bakwai da rabi, saboda haka akwai awa biyu da rabi na cin abinci da hira, sun isa. Amma kada wanda ya saba kaiwa sha biyu ya ce yau ɗin nan zai koma goma. Zai kwanta ne ya yi ta juyi, ya ƙare da jawo waya. A riƙa matso da lokacin da minti ashirin duk bayan kwana biyu ko uku. Cikin mako biyu an isa inda ake so.

Abubuwa uku ke sace wannan dare. Na farko shayi. Ba na ƙin teburin mai shayi, a nan rabin labarin unguwa yake, amma ganyen shayi da kofi da goro duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin mai hana barci, wanda bayan kimanin awa biyar rabinsa yana nan a jini. Kofin da ka sha ƙarfe tara na dare yana nan tare da kai har biyun dare. Mayar da shayi mai ƙarfi da goro zuwa kafin la'asar, da dare kuma a dafa citta da kanumfari da na'a-na'a ba tare da ganyen ba. 'Yan'uwanmu na Damagaram da Agadas masu shayi zagaye uku a kan gawayi za su ce na taɓa musu inda ba a taɓawa, to su ma ko na farkon nan mai ɗaci su bar wa rana.

Na biyu waya. Dabarar da na ga tana aiki guda ɗaya ce, kuma ba ta da daɗi: a sa ta caji nesa da gado, inda sai an fito daga bargo za a kai gare ta. Sanyi da kansa zai yi maka gadi. Na uku tuwo mai nauyi dab da kwanciya. A ci tsakanin magariba da isha, a bar ciki ya sauka.

Wanda ya samu dama ya yi ƙailula bayan azahar, minti ashirin zuwa talatin. In ta zarce awa guda, daga barcin dare za a cire.

Mataki na biyu: gyara ɗakin kwana, kuma kada gawayi ya kwana a ciki

Nemo barguna tun kafin a buƙace su, a shanya su a rana yini guda, a kakkaɓe. Wanda zai saya ya je da wuri, don farashin rigar sanyi a wajen 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai a farkon Nuwamba daban yake da na tsakiyar Disamba. Tagar da ke fuskantar arewa ko gabas ita ce ƙofar ƙura, a sa mata labule mai kauri, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Shara kuma a daina ta a bushe. A yayyafa ruwa kafin a sa tsintsiya, a goge kan kaya da jiƙaƙƙen tsumma, in ba haka ba ƙurar tashi kawai take yi ta koma huhun mai sharar. Mai kwana a tabarma ko katifa a ƙasa ya shimfiɗa kwali ko darduma a ƙarƙashi, siminti yana zuƙe ɗumin jiki fiye da yadda ake zato.

Iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai, shi ya sa ake tashi da maƙogwaro kamar an zuba yashi. Rataya jiƙaƙƙen tawul a ɗaki, ko ka ajiye faffaɗan kwano da ruwa a lungu. Ba zai mayar da ɗakin damina ba, amma yana ɗan ragewa.

Yanzu maganar da ta fi kowace muhimmanci a wannan rubutu. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba, wadda likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Mutum yakan fara jin ciwon kai da jiri da kasala, ya ɗauka barci ne mai daɗi, daga nan shi ke nan. Kusan kowace shekara ana jin gidan da aka wayi gari an rasa mutane ta wannan hanya. Kaskon da ya daina hayaƙi, garwashin ya yi ja, bai zama lafiyayye ba, har lokacin yana fitar da gubar. In za a ɗumama ɗaki da kasko, a yi taga a buɗe, mutane a farke, sannan a fitar da shi waje a kashe da ruwa kafin kowa ya kwanta. Janareta ma haka, ba a kunna shi a soro ko a baranda kusa da tagar ɗaki. Idan kuwa mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka fara ciwon kai lokaci guda, a buɗe ƙofa, a fita sarari, a nufi asibiti.

Ga kuma gobara. Komai ya bushe, iska na kaɗawa, tartsatsi ɗaya ya isa. Hita ta dafa ruwa da aka manta a bokiti bayan an ɗauke wuta, aka dawo da ita cikin dare, ta cinye gidaje da shaguna ba adadi. Kafin kwanciya a zaga a cire duk abin da ke jone. Ga jin ɗumi a gado, safa da hula da bargo biyu marasa kauri sun fi bargo ɗaya mai kauri, saboda iskar da ke tsakaninsu ita ke riƙe zafi.

Mataki na uku: ja safiya a hankali

Tanadi ruwan zafi a fulas tun dare. Sirka ruwan alwala ba ya rage lada, kuma tsoho ko mai ciwon gaɓoɓi bai kamata ya riƙa jarraba kansa da ruwan randa ba. Bayan sallah, in aikinka ya ba da dama, kada ka faɗa titi nan take. Tsakanin asuba da ƙarfe takwas ne sanyi ya fi tsanani, a Kano yakan sauko wajen digiri 12 ko 13, a Jos ma ƙasa da haka. Zauna ka yi azkar ko karatunka, ka sha abu mai ɗumi, ka bar gari ya waye sosai. Hazo yakan hana jirgi sauka a filin Malam Aminu Kano, to ina ga direban da ya bar tasha da duku-duku? Tafiyar da za ta iya jira, ta jira hantsi.

Wanka kuma a ɗaga shi zuwa hantsi ko azahar ga wanda yake gida. Ma'aikaci da ɗan makaranta su yi da ruwa mai ɗumi, ba mai ƙuna ba, su gama cikin minti biyar. Na san daɗin ruwan da ke tururi, amma shi ne ke wanke man da fata ke kare kanta da shi, bayan awa guda a kama susa. A rage sabulu, a sassauta wa soso. Yara ƙanana wanka ɗaya a yini ya ishe su, da rana, a wurin da iska ba ta bugawa.

Idan rana ta ɗaga, samu minti goma sha biyar ka zauna a hantsi, baya ga rana, kamar yadda tsofaffi ke yi a jikin katanga. Hasken safe yana saita agogon jiki, shi ke sa barci ya zo da wuri da dare. Kaka da ke zaune a hantsi tana tsinkar zogale ba ta san sunan wannan ilimi ba, amma ta riga masu bincike aiki da shi.

Mataki na huɗu: mai, tun jiki da danshi

Kuskuren da aka fi yi shi ne a goge jiki ƙaraf, a sa kaya, sai an ga ƙafa ta yi fari fat sannan a nemi mai. Aikin mai shi ne ya kulle ruwan da ke cikin fata, saboda haka a shafa cikin minti biyu ko uku da fitowa daga wanka, jiki bai gama bushewa ba. Man kaɗanya ya fi mini kowane. In ya daskare, a murza shi a tafin hannu ya narke. Basilin ma yana yi, kuma ga shi da araha. Mai ruwa-ruwa mai ƙamshi na kanti, a wannan yanayi, kafin ka kai bakin titi ya bi iska.

Faso yana son haƙuri na mako guda. Da dare a jiƙa ƙafa cikin ruwa mai ɗumi minti goma, a goge diddige a hankali da dutsen goge ƙafa, a tsane, a cika tsagar da man kaɗanya ko basilin, a sa safa a kwanta. Kada a yanke kaushi da reza. Mai ciwon suga kuwa ya duba ƙafarsa kullum, kuma ko ƙaramar tsaga ce ta ƙi warkewa ya kai ta asibiti. Leɓe a daina lasarsa, yawu yana ƙara busar da shi ne, a shafa mai. Ɗan basilin kaɗan a bakin ƙofar hanci yana rage haɓo. In haɓon ya zo, ba a ɗaga kai sama kamar yadda aka koya mana muna yara, jinin maƙogwaro yake komawa. A zauna, a ɗan sunkuya gaba, a matse tattausan wurin hanci minti goma ba tare da ana saki ana dubawa ba.

Mai hawa babur ko Adaidaita Sahu ya sa takunkumi ko ya naɗa rawani ya rufe hanci da baki. Buzaye ba don ado kaɗai suke amawali ba.

Mataki na biyar: sha ruwa ko ba ka jin ƙishi, ci abin da lokacin ya kawo

Sanyi yana ɓoye ƙishirwa, alhali busasshiyar iska tana kwashe ruwan jiki da kowane numfashi. Kada ka jira ƙishi. Ɗaura shan ruwa a kan sallah: kofi ɗaya ko biyu bayan kowace, mai ɗan ɗumi in na randa ya yi maka sanyi. Fitsari shi ne ma'auni, in ya yi duhu kamar shayi ba ka sha isasshe ba.

Abinci kuwa, Allah ya haɗa cutar da maganinta a kasuwa ɗaya. Wannan ne lokacin da kayan fadama da na noman rani irin na Kadawa da Kura ke cika gari: tumatir, karas, kabeji, latas, albasa, ga lemo ga rake ga dankalin Hausa. Da safe koko ko kunun tsamiya ko kunun gyaɗa, da ƙosai mai zafi. Da rana a yi kwaɗon zogale ko a yanka kabeji a kan shinkafa da wake. Da dare miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa da ta ji daddawa, ko farfesu ga wanda aljihunsa ya yarda. A lura da sukari dai, don kofi huɗu na shayi mai cokali uku-uku ba ƙaramin abu ba ne a yini.

Idan mura ta kama, ruwan ɗumi da zuma da lemon tsami yana lallashin maƙogwaro, amma ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma. Sirace da ruwan zafi yana buɗe hanci ga babba, yara kuwa a nisanta su da tukunyar, ƙuna ta fi mura muni. Kuma mura ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kafso ɗin da ake saya a kemis ana haɗiya ba bisa umarnin likita ba ba ya taɓa ta. Hutu da ruwa da kwana bakwai zuwa goma su ne maganinta.

Mataki na shida: rage hidima

Nan ne gizo ke saƙar. Hunturu ya faɗo daidai lokacin bukukuwa. An sayar da amfanin gona, 'yan makaranta sun samu hutun Disamba, kowace Juma'a da Asabar da ɗaurin aure uku, ga kamu ga yini ga walima ga dina. Akwai shekarar da na halarci biki shida cikin mako biyu, har da na wani gari, na ƙare a kwance da zazzaɓi da muryar da ta dishe, kuma na tabbata rabin masu bikin ba su ma lura na je ba.

Ga yadda nake yi yanzu. Ranar Lahadi da yamma nakan rubuta duk abin da ke jirana a makon. Sai in raba uku: wanda dole ne, kamar aiki da dubiya da ta'aziyya da bikin ɗan'uwa na jini, wanda zan iya leƙawa in yi Allah ya sanya alheri in fito cikin rabin awa, da wanda saƙo da gudummawa za su wadatar. A kashi na ukun nan nake samun hutuna. Ba sai an yi ƙarya ba. "Yaya, wallahi jikin ne sai a hankali, amma ga wannan a sa albarka, zan shigo in ga amarya bayan an watse." Zuwan bayan biki ma ya fi armashi, ana samun zama a yi hira.

Ware dare biyu a mako da ba ka fita bayan isha. Uwar gida kuma, wadda ita ce ke fara taɓa ruwan sanyi kuma ita ce ke ƙarshen kwanciya, a ɗauke mata wani abu. A mayar da wanki zuwa rana tsaka, a raba wanke-wanke da yara manya, a dafa miyar kwana biyu tunda sanyi ba ya barin ta lalace da wuri in an ɗumama ta sosai. Maigida da ke karanta wannan, ɗora ruwan zafin asuba ba ya rage girma.

A waɗannan darare na gida, a kashe talabijin ko sau ɗaya a gwada tsohuwar hanya. A taru a ɗaki ɗaya, a gasa dankali ko a soya gyaɗa, wani ya ce "Ga ta nan, ga ta nanku," a ga ko yaran sun san ana cewa "Ta zo mu ji ta." Za ka sha mamakin yadda Gizo da Ƙoƙi ke riƙe yaron da aka ce ba abin da ke riƙe shi sai waya.

Hutu ba ya nufin a naɗe a bargo wata uku. Jikin da bai motsa ba ciwo yake yi, barcinsa ma ba ya nauyi. Tafiyar minti talatin bayan la'asar, lokacin da sanyin safe ya tafi na dare bai zo ba, ta isa. Ranar da hazo ya yi kauri har ba ka hango ƙarshen layi, a motsa a tsakar gida.

Mataki na bakwai: san waɗanda sanyi ya fi bugu, da lokacin da hutu bai isa ba

Mai sikila, sanyi da ƙarancin ruwa suna tayar masa da ciwo, saboda haka shi ne na farko a rigar sanyi da ruwan ɗumi, kuma ba shi ba wankan ruwan sanyi. Mai asma ya ajiye abin shaƙarsa a aljihu, a kuma rage turaren wuta da hayaƙin itace a inda yake kwana. Jariri a rufe masa kai da ƙafa, amma kada a lulluɓe fuska. Tsofaffi ba sa faɗin suna jin sanyi, sai an taɓa hannunsu. Almajirin da ke kawo kwano ƙofar gidanka kuma, tambaye shi inda yake kwana, tsohon bargon da ke ƙasan akwati yana da mai shi.

Akwai alamomin da ba a yi musu citta da zuma. Yaro mai tari da ke numfashi da sauri, a ƙirga cikin minti ɗaya yana kwance lafiya: sau 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, sau 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko kuma ƙasan ƙirjinsa na lotsawa in ya ja numfashi, wannan alamar ciwon huhu ce, asibiti a ranar. Tarin da ya wuce mako biyu a je a gwada tarin fuka, gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Sai sanƙarau. Ƙasar Hausa tana cikin yankin da wannan cuta ta fi addaba, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha, kuma lokacinta yana farawa ne da hunturu ya zarce cikin zafin bazara, domin ƙura da bushewa suna raunana cikin hanci da maƙogwaro, ga cunkoso a ɗaki an rufe tagogi. Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, matsanancin ciwon kai, wuya ya sanƙare, amai, ƙin haske, ko maɗigar jariri ta kumbura: ba a jiran gari ya waye, ba a tsayawa kemis. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar. In masu rigakafi sun zo unguwa a fito da yara, in ba su zo ba a ɗauki katin yaro a je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a tambaya. Kuma duk tsananin sanyi, ɗakin da mutum shida ke kwana a bar masa 'yar kafa ta sama a buɗe.